Sallahun Daddawa Zuwa Garwa

Da direban ya sauko da jakata daga saman mota a tashar Garwa, sai ya riƙe ta nesa da jikinsa kamar ya ɗauko mushe, ya yi wata magana da Fulatanci, mutanen wurin suka kwashe da dariya. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san da me ake. Daddawa ce. Ummata ta ƙulle ta cikin leda uku, ta cusa a ƙasan jakar, ta ce in kai wa aminiyarta Lami, wadda ta auri wani mahauci ta bi shi Kamaru tun ba a haife ni ba. Na nemi lambar waya, ta ce babu. Na nemi sunan unguwa, ta ce ba ta sani ba.

"Garwa ɗin duka nawa take?" in ji ta. "Ka tambaya za a nuna maka. Matambayi ba ya ɓata."

Ni kuwa ba daddawa ce ta kawo ni ba, arziki na zo nema. A lokacin ina aji uku a jami'a, ƙanwata Hauwa tana ajin farko. Tun rasuwar Baba, da sana'ar daddawa da adashe Umma take riƙe da karatunmu a Gombe. Shekarar da aka ƙara kuɗin makaranta, abin da ta haɗa ya ishi Hauwa, nawa kuwa ya tsaya a rabi. Ana cikin haka sai ga hoton Nura a waya. Nura abokina ne tun firamare, tare muka sha bulala, tare muka shiga jami'a. Ga shi tsaye cikin shuɗiyar kwat, ya jingina da farar mota, ya rubuta cewa Garwa ta karɓe shi. Ya ce mini kamfanin kayan lafiya ne, ana neman ɗalibai masu ƙwazo, cikin wata biyu zan ninka kuɗina in koma in yi rajista har in saya wa Umma babbar tukunya. Na ɗauki rabin nan nawa na kama hanya.

Nura ne ya tarbe ni a tasha, cikin kwat ɗin nan ta hoto. Garwa kuwa a watannin zafi ba garin kwat ba ne. Rana ce irin wadda ke shiga ta tafin ƙafa, iskar da ke kaɗowa daga kogin Binuwai ma kamar daga bakin tanda take fitowa. Ya rungume ni yana jiƙe sharkaf, na ji ƙasusuwan bayansa a hannuna. Na ce, "Kai, masu kuɗi ba sa cin abinci ne?" Ya yi dariya ya ce aiki ne ya yi yawa. Na tambayi motar, ya ce tana gareji. Muka hau babur ɗaya mu uku da mai shi.

Gidan yana can bayan gari, mai doguwar katanga da bishiyar darbejiya a tsakiya. Na zaci ofis zan gani, sai na tarar da tabarmi jere da takalma tuli a ƙofa. Ɗalibai ne irina, maza a ɗakunan baya, mata a na gaba. Akwai 'yan Marwa, akwai 'yan Banyo, akwai na Cadi, da mu 'yan Najeriya kaɗan. Kowa da irin labarina: an ƙara kuɗi, ko tallafin gida ya yanke, ko an kai aji na ƙarshe aljihu ya ƙi. Suka taso suna tafi suna rungume ni, suna cewa na shigo iyali. Ban ɓoye ba, na ji daɗi. Mutumin da ya kwana biyu yana lissafin garin kwaki, in ya ga jama'a na yi masa tafi, sai ya ji kamar ya riga ya ci nasara.

Mai gidan ana ce masa Shef. Ba wanda ya san ainihin garinsu. Da Bahaushe Hausa yake yi, da Bafulatani Fulatanci, in ya so ya burge sai ya juya Faransanci. Turarensa yana riga shi shiga ɗaki. Kullum da safe muna zama a falo, ya tsaya gaban allo ya zana mutum ɗaya, a ƙarƙashinsa biyu, a ƙarƙashinsu huɗu, har allon ya cika da kawuna.

"Kowa yana da ƙafa biyu," yakan ce, "ta dama da ta hagu. Ka kawo mutum ɗaya nan, ɗaya nan, shi ke nan, *mon frère*, ka miƙe tsaye. Kuɗi ne zai riƙa bin ka."

Kayan lafiyar kuwa wani garin shayi ne a kwali, wai yana maganin hawan jini da ciwon gaɓɓai da mantuwa. Na miƙa kuɗin shiga, aka miƙo mini kwali, aka sake yi mini tafi. Na tambayi inda shagon yake, wani ɗan Banyo da ke kusa da ni ya ce, cikin tausayi, "Ba shayi ake sayarwa ba, ɗan'uwa. Mutum ake kawowa."

Dokokin gidan ba su da yawa. Ba a fita sai da rakiyar babbanka, wato wanda ya kawo ka. Layin wayarmu na gida ba ya aiki a nan, intanet kuma a falon Shef kaɗai take, don haka duk kiran da za ka yi, babbanka na zaune kusa da kai, wai don ya koya maka magana. Abinci sau ɗaya ne, shinkafa da mai da ɗan yaji. Shef ya ce yunwa makaranta ce, duk attajiran duniya sun bi ta nan. Shi dai ban taɓa ganin ya shiga ajin ba.

Abin da ya riƙe ranmu wata mata ce mai suya a bakin ƙofa, Mama Rebeka. Kirista ce daga duwatsun arewa, tana sayar da fanke da dafaffen wake, tana Hausa irin ta kasuwa. Nan kaɗai aka yarda mu tsaya, don daga taga ana hango mu. Ranar farko na miƙa mata 'yan silallana, ta zuba mini abin da ya fi kuɗina, ta ƙara da ludayi guda.

"Ɗan Najeriya, ka ci," ta ce. "Ni yaro na yana karatu a kudu. Wani ma zai ba shi."

Ba ta taɓa zagin gidan ba. Sai dai duk sabon da ya shigo da jaka, takan bi shi da ido har ya shige, ta girgiza kai ta koma kan kaskonta.

Bayan 'yan kwanaki aka ce ranar hotona ta zo. Nura ya shiga ɗakin Shef ya fito da shuɗiyar kwat a rataye. Ita ce dai. Kwat ɗaya ce a gidan kaf, dogo da gajere duk ita suke sawa, wanda ta yi wa yawa sai a kama ta da fil ta baya. Farar motar kuma ta wani mai shagon magani ce a bakin titi, ana jira ya shiga ciki a jingina a ɗauka da sauri. Na dubi Nura, ya dubi ƙasa. Na so in ji haushinsa, Allah ya sani na so, amma ina kallon wuyansa yana yawo cikin riga sai haushin ya ƙi zuwa. Shi ma wani ne ya turo masa hoton kwat ɗin nan.

Aka ɗora hotona a waya. Ba a jima ba saƙo ya shigo daga Hauwa: "Yaya Sagir, kai ne haka? Don Allah ka nemo mini ni ma." Shef ya leƙo ta kafaɗata ya karanta, ya dafa ni.

"*Voilà*. Ƙafarka ta dama ta kawo kanta. Ta yi rajistar makaranta?"

Na ce ba ta yi ba tukuna, kuɗin na hannun Umma.

"To me kake jira?"

Kuɗin nan na san su ƙwaya-ƙwaya. Na san hayaƙin da Umma ta sha wajen dafa kalwa, na san yadda tafin hannunta ya yi kaushi. Nawa rabin ya tafi, na haƙura. Amma na Hauwa cikakke ne, kuma yarinya ce mai kai, tun tana ƙarama ba ta son komai sai karatun jinya. Na rubuta mata cewa ta dakata sai na duba. Kullum Shef ya tambaye ni, kullum in ƙirƙiro dalili. Gaskiyar kuwa na kasa faɗa mata. Ga kunne a gefena, ga kunya a cikina, kuma a can ƙasan zuciyata akwai wani wawa da ke raɗa mini cewa wataƙila abin na gaske ne, ni ne ban yi haƙuri ba.

Duk wannan lokacin daddawar Umma na ƙasan jaka tana nata aikin. Zafin Garwa ya shige ta, leda uku suka gaza. Da farko 'yan ɗakinmu kaɗai ke tsokanata, suna ce mini Mai Miya. Sai ranar da Shef ya gayyato sababbin baƙi daga makarantun gari. An share falo, an fesa turare, yana cikin zana kawuna a allo, sai iska ta juyo daga ɗakunan baya. Wata budurwa ta sa gyale a hanci. Wani ya tambaya ko akwai abin da ya mutu a rufi. Shef ya ƙarasa da ƙyar, baƙi na fita ya sa aka binciko jakata.

"Ka jefar da ƙazantar nan yanzu."

Ni da ban taɓa yi masa musu ba, sai na ji bakina ya ce, "Sallahu ne. Uwata ce ta ba ni in kai wa wata."

"To, ka ce ka kai."

Abin mamaki, ɗan Banyon nan ne ya fara magana, ya ce, "Shef, amana ce fa. Ba a yi." Wata 'yar Marwa ta ce kakarta takan ce wanda ya ci sallahu ba ya gamawa lafiya. Har 'yan Cadi suka gyaɗa kai. Mutanen da suka yarda su yi wa 'yan uwansu ƙarya da kwat, ga su sun tsaya kai da fata a kan ƙullin daddawa. Ni kaina abin ya ba ni dariya daga baya, amma haka muke.

Shef mutum ne mai saurin lissafi. Ya tambaye ni wace ce matar, na ce matar mahauci ce. Idonsa ya yi haske.

"Mahauta suna da kuɗin shanu. Nura, raka shi. Ka sa kwat, ku ɗauki shayi. Ga ƙafar hagu nan."

Haka muka fita ran Lahadi da safe, Nura cikin kwat da kwalin shayi, ni da ƙullin daddawa. Mama Rebeka ta kwatanta mana layin mahauta a babbar kasuwa, ta ce mu nemi tsofaffi, yara ba su san kowa ba. Garwa ɗin da Umma ta raina ta ba mu kashi. Muka ratsa masu atamfa da masu busasshen kifi, muka tambaya da Hausa aka amsa da Fulatanci, muka yi Turanci aka amsa da Faransanci, har muka ji ƙarar sara a kan katako. A nan Hausa ta dawo kunnena kamar na shiga gida.

Muka yi sallama, na ce ina neman Lami matar mahauci.

"Wace Lami?" in ji wani mai jan hula. "Lami a Garwa ai sun fi tumaki. Sunan mijin fa?"

Ban sani ba. Suka yi ta dariya, suna kiran juna a zo a ga 'yan Najeriya masu neman Lami. Wani tsoho da ke zaune kan benci yana wasa wuƙa ya ɗaga hanci ya ce in matso da abin hannuna. Ya shinshina, ya lumshe ido.

"Wannan ta kalwa ce zalla. Daga ina?"

"Gombe, Baba."

Ya buga cinya. "Kai! Ai Goggo Gombe kuke nema, matar Audu! Shekara da shekaru tana zagin daddawar ƙasarmu, wai ba ta kai ta garinsu ba. Yau za mu huta." Ya ce sun koma Pitowa da zama, wani gari kusa da Garwa, yau ma kasuwar can take ci. Kafin mu yi godiya an naɗe mana nama gasasshe a takarda, mai jan hular nan ya raka mu tasha ya biya mana mota. Na ce ya bari, ya ce, "Baƙon Audu baƙonmu ne. Ka ce Sule ya gaishe shi."

Motar Pitowa ta ɗauki mutum bisa mutum. Manyan motocin auduga na wuce mu, farin kaɗa na tashi yana maƙalewa a ƙayoyin bakin hanya. Nura ya yi shiru duk hanyar. Na ɗauka zafin kwat ne.

A Pitowa ba mu sha wahala ba, kowa ya san Goggo Gombe. Muka same ta a tsakar gida, gajeriyar mata mai ƙiba da murya, tana juya faifan kilishi a rana. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ni ɗan Asabe ne daga Gombe, ga saƙo. Ta tsaya kamar ba ta ji ba. Ta karɓi ƙullin, ta kwance leda ɗaya bayan ɗaya, ta kai hanci. Sai kawai ta zauna a ƙasa daɓas ta fashe da kuka.

"Hannun Asabe ne," take cewa. "Wallahi hannun Asabe ne. Tare muka koya wurin kakarta."

Ta kama fuskata tana juyawa, ta ce hancin ubana ne, goshin uwata. Ta tambayi mutane ɗaya bayan ɗaya, rabinsu sun rasu, kowanne ta yi masa addu'a ta share hawaye ta tambayi na gaba. Ba ta tambaye mu abin da ya kawo mu Garwa ba. Ta hura wuta, ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuka da daddawar nan da ƙashin saniya. Ƙamshin ya tashi, na ji ni a tsakar gidanmu, sai da na juya baya don kada a ga idona. Muka ci, ta ƙara, muka ci, ta sake ƙarawa. Tana zaune gefe tana fifita, tana kallonmu.

Da muka wanke hannu Nura ya gyara kwat, ya jawo kwalin shayi, ya fara karatun da aka koya mana da wata murya kamar ta mai ciwon haƙori. Bai kai ga ƙafar dama ba ta ɗaga hannu.

"Dakata, ɗana. Sallahu bai cika ba sai mai shi ya ji ya iso. Kai, ɗan Asabe, ka san lambar uwarka da ka?"

Na sani. Ta ɗauko wayarta daga ƙullin zane, na danna, ta ce in buɗe murya don kunnenta ya yi nauyi. Abin da ya biyo baya ba zan iya kwatanta shi ba. Mata biyu da suka rabu suna 'yan mata, suna ihu suna kiran juna da sunayen tsokana, suna kuka suna dariya. Goggo ta ce daddawa ta iso, gishirin ne dai ya ɗan yi yawa kamar kullum. Umma ta ce bakinta ne bai canza ba. Ina ta murmushi, har na ji Umma ta ce:

"Ai ga Hauwa ma gobe da asuba za ta taso, sai ta riƙo miki garin kuka. Nura ya kira ya ce ya samo mata wuri a kamfaninsu, Sagir ne ya ce a gaya mata. Na ba ta kuɗin rajistar ta riƙe, wai da shi ake shiga."

Na juya na kalli Nura. Ya sa kai tsakanin gwiwoyi.

Goggo ta dubi ni, ta dubi shi, ta dubi kwanukan da muka sharɓe har ƙasa. Ta rufe wayar da tafin hannu ta ce da ni a hankali, "Ni ban san kamfaninku ba. Amma na ga yadda kuka ci tuwo. Kai za ka faɗa mata, ko ni?"

Na karɓi wayar. Na ce Umma ta kira Hauwa kusa. Sannan na faɗa, duka. Na ce babu ofis, babu albashi, babu mota. Na ce kuɗina sun tafi kuma ba za su dawo ba. Na ce, "Hauwa, don girman Allah kada ki hau motar nan. Gobe ki wuce makaranta ki biya kuɗinki kafin ki karya kumallo."

Sai muryar Hauwa, ƙarama: "To Yaya, kwat ɗin fa?"

"Ta gida ce. Mu duka muke sawa."

Ta yi wata dariya da ta ƙare da kuka. Ina jiran faɗan Umma, na ma shirya masa. Abin da ta ce kawai shi ne, "Sagir, kana samun abinci kuwa?" Goggo ta fizge wayar ta ce, "Yanzu dai yana samu. Bar mini shi."

Nura bai gudu ba, bai kuma yi musu ba. Ya ce Shef ne ya zaunar da shi ya sa ya kira, ya ce in ƙafarsa ba ta cika ba a wannan mako, komai nasa ya rushe. Kuɗin da ya shiga da su na injin niƙan babansu ne, an sayar don shi. Yana magana yana kuka kamar ranar da aka yi mana bulala a aji biyu. Na ɗaga hannu in kai masa duka, hannun ya sauka a kafaɗarsa ya zauna. Goggo ta ce, "Cire rigar nan kafin ka dahu a ciki. Kai ma ɗan wani ne."

Washegari mijinta Baba Audu ya ɗauki Sule mai jan hula da tsohon nan na kasuwa, muka koma gidan Shef. Ba su ɗaga murya ba. Suka zauna a falon Shef suka shiga gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, ina zafi, yaya kasuwa, in sun kai ƙarshe su sake daga farko. Shef ya yi Faransanci, suka amsa da Fulatanci. Ya yi Fulatanci, suka koma Hausa. Da ya ga ba su da niyyar tashi, ya sa aka fito da jakunkunanmu da takardunmu. Kuɗi kam ya ce sun shiga kamfani. Nura ya rataye masa kwat a ƙofa. Muna fita ɗan Banyon nan ya biyo mu da jakarsa, da 'yar Marwa da wasu biyu. Sauran suka tsaya a taga suna kallo, kuma har yau in na tuna fuskokinsu raina yakan ɓaci. Mama Rebeka ta cika mana leda da fanke ta ƙi karɓar ko sisi. "Ka gaida mama," ta ce. "Ka ce wake na ya riƙe ka."

Mun yi makonni a Pitowa muna aikin kilishi don mu haɗa kuɗin mota. Ni ne mai shanya da korar shirwa, Nura mai daka labu, wato haɗin ƙuli da yaji da ake tsoma naman a ciki. Goggo ta ce a duk 'yan jami'ar da ta sani ba ta ga wanda ya kai ni iya korar ƙuda ba. Shayin nan kuwa Baba Audu ya gwada shi sau ɗaya, ya ce ko mantuwar bai warkar ba, don ya manta dalilin da ya sa ya sha. Ranar tafiya Goggo ta ba ni ƙullin kilishi da turmin atamfa ta ce na Asabe ne, ta ja kunnena ta ce saura in ci a hanya.

Tun daga kan iyaka nake tunanin yadda zan shiga unguwarmu. Kowa ya ga hoton kwat. Kowa ya san ɗan Asabe ya tafi Kamaru ya yi kuɗi. Ga ni na dawo da silifa da jaka ɗaya, shekarar karatu ta wuce ni. Na so in jira duhu, amma motar ta sauke ni da la'asar, lokacin da mata ke cike da gidanmu suna sayen daddawa.

Hauwa ce ta fara ganina. Ta dawo daga makaranta ke nan, da farar rigarta ta ɗaliban jinya a hannu. Ta yi tsalle ta rungume ni tana cewa, "Ina kwat, Alhaji?" Matan suka juyo gaba ɗaya. Wata maƙwabciyarmu mai dogon baki ta ce, "A'a, mutanen Kamaru! Ina arzikin da aka je nema?"

Umma ba ta ko ɗago daga kan faifanta ba.

"Wane arziki? Ni na aike shi. Saƙo na ba shi ya kai wa Lami." Sannan ta dube ni. "Ka kai?"

"Na kai, Umma. Ga ma nata."

Ta karɓi ƙullin ta ajiye a cinya, ta shafa atamfar da hannun nan nata mai kaushi.

"To, madalla," ta ce. "Ka yi abin da na aike ka. Shiga ka ci abinci."